Amsoshin Wasiƙunku: Tuƙin jirgin sama daga cikin ɗaki

Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a YouTube, wani saurayi zaune a ɗakinsa yana tuƙa jirgin sama a kwamfuta, yana magana da Turanci, wata murya tana amsa masa kamar daga hasumiyar filin jirgi. Abokina ya ce na'ura ce, ni na ce mutum ne. Wa ya ci? Kuma in ina son shiga, ta ina zan fara? Laftof ɗina ta kwana biyu, ram ɗinta giga 8 ne.
*Wani ɗalibi, daga Ƙofar Nasarawa, Kano*

Wa alaikumus salam ƙanena. In goro kuka sa, je ka karɓi abinka, mutum ne. Sai dai kada ka tsananta wa abokin naka, don manhajojin tuƙin jirgi suna zuwa da wata murya ta na'ura mai ba da umarni, ƙila ita ya sani. Ba a daɗewa ake gane ta: ba ta in'ina, ba ta gajiya, ba ta ce maka ka dakata da muryar wanda aiki ya sha wa kai. Wanda ka ji a bidiyon nan wani bawan Allah ne zaune a nasa ɗakin, ko a Jamus ko a Masar ko a Afirka ta Kudu, ya buɗe allon rada yana ba jiragen mutane hannu, kuma ko sisi ba a biyansa. Ni ma aikin da nake yi ke nan wasu darare bayan na rufe shago, don haka daga kujerar hasumiya zan amsa maka.

Abu biyu aka haɗa. Na farko manhajar da ke kwaikwayon jirgin, wadda ke zana maka agogunan gaban matuƙi da ƙasa da gajimare, ta kuma lissafa yadda iska ke ɗaukar fiffike. Akwai Microsoft Flight Simulator, wadda ake fitarwa tun 1982, sababbinta su ne ta 2020 da ta 2024. Akwai X-Plane ta kamfanin Laminar Research, fitowarta ta 12 ta zo a ƙarshen 2022. Akwai kuma FlightGear, ita kyauta ce ɗungurungum. Na biyu shi ne dandalin da ke tara mutane a sararin sama guda. Manya biyu ne, IVAO da aka kafa a 1998, da VATSIM da ta zo a 2001, kuma duka ba a biyan kuɗin shiga. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce ke ɗaure su: vPilot ga mai Microsoft, xPilot ga mai X-Plane, swift ga mai FlightGear, in kuwa IVAO ka zaɓa sunan tasu Altitude. Ita ke sanar da inda jirginka yake, ta nuna maka na wasu, ta ɗauki muryarka zuwa rediyo. Ni VATSIM nake, saboda haka ita zan fi ambata, ba don ɗayar ta gaza ba.

Maganar laftof, ka cire rai da fitowar 2024 tukuna. Bayan ƙarfin kwamfuta da take nema, ƙasar da kake shawagi a kanta ma daga intanet take jawo ta kana cikin tafiya, datarka ba za ta kai labari ba. Ta 2020 kuwa saukar da ita kaɗai ya haura giga 100. Wadda ta dace da kai ita ce tsohuwar fitowar Microsoft ɗin nan, FSX ta 2006, wadda aka sake fitarwa a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a 2014. Hotonta ya tsufa, amma vPilot na aiki da ita, kuma mai hasumiya ba ya ganin kyawun gajimarenka, ɗigo kawai yake gani da lamba. In laftof ɗin na da katin hoto na daban, gwada X-Plane 11 ko 12, suna da ɗanɗano na kyauta da za ka sauke ka ga ko za ta ɗauka. Ka lura da abu guda: in X-Plane ta gaza hoto 20 a sakan, lokaci kan ja baya a cikinta, jirginka ya riƙa tafiya a hankali fiye da abin da agogo ke nunawa, ya hargitsa jerin masu sauka, har xPilot ta cire ka daga dandalin.

Sandar tuƙi mai sauƙin kuɗi ta isa, kai ko fad ɗin da ake buga ƙwallo da shi ya fi allon rubutu. Da za a ce in zaɓa maka tsakanin sanda mai tsada da hedifon mai makirufo mai kyau, hedifon zan ɗauka. Ni ke zaune a ɗaya ɓangaren ina ƙoƙarin tsamo sunan jirgi daga cikin ƙarar janareta da fanka da kukan awaki.

To yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan. Ka sauke, ka saka, amma kada ka hau dandalin. Abin da ke ba mu wahala da sababbin shiga kullum iri ɗaya ne. Yaro zai ɗauki ƙaton jirgin fasinja a darensa na farko, ya dasa shi a Heathrow ta Landan ranar Juma'a da daddare, lokacin da jirage suka yi layi. Ya kalli bidiyo ya haddace maɓallan da ake dannawa har jirgi ya tuƙa kansa daga tashi zuwa sauka. Sai mai rada ya ce masa ya juya hagu ya fuskanci digiri 270, ya sauko ƙafa 4,000, ya rage gudu. Shi ke nan, an fitar da shi daga layin da ya haddace. Jirgin ya ci gaba da miƙewa, shi ya yi tsit, mai rada ya shiga kwashe mutane daga gabansa ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan mutanen kowa ya ware darensa ne, wani ya taso tun daga Dubai awa shida da suka wuce yana jiran wannan saukar.

Ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da makarantun tuƙi ke koyarwa da shi. Ajiye shi a filin Malam Aminu Kano, lambarsa a taswirar jirage DNKN. Babban titin jirgin ana kiransa 06 ta ɓangare ɗaya, 24 ta ɗayan, ma'ana in ka hau ta 06 kana fuskantar wajen digiri 60, arewa maso gabas, in ta 24 ne digiri 240. Iska ce ke zaɓa, ana tashi ana sauka ne ana fuskantarta. Tura mai gaba ɗaya, in gudu ya kai not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) ka ɗaga hanci a hankali, ka hau ƙafa 1,000 sama da filin, ka zagayo ta hagu, ka dawo ka sauka da not 65 ko kusa da haka. Filin Kano kansa yana sama da teku da ƙafa 1,500 da ɗoriya, saboda haka agogon tsayi zai nuna maka wajen 2,500, kada ka ruɗe. Ka yi ta wannan zagaye har ka iya riƙe abu uku ba tare da ka yi zufa ba: tsayin da aka ce, fuskar da aka ce, gudun da aka ce. Ranar da ka iya riƙe su kana amsa kiran Inna daga tsakar gida, ka isa hawa.

Rajistar VATSIM da sunanka na gaskiya ake yi, kuma sai ka kai shekarun da dokarsu ta ƙayyade. Akwai ɗan gajeren darasi da jarrabawa kafin a buɗe maka. Ka karanta da gaske, dokokin da za a kama ka da su ne.

Hawanka na farko ba tashi za ka yi ba. Nemi fili matsakaici da ke da mai hasumiya, ka ajiye jirgi a wurin fakin, ka kashe inji, sannan ka haɗa. Kada ka kuskura ka bayyana a kan titin tashi, don wani na iya kasancewa dab da sauka a kai. Murɗa rediyo zuwa mitar hasumiyar, ka ɗauki biro da takarda. Duk umarnin da aka ba wani jirgi, ka rubuta shi kamar kai aka ba, ka maimaita a bakinka kafin mai shi ya maimaita. Da farko za ka ji kamar ruwa ake zubawa. Bayan 'yan darare sai kunnenka ya gane maganar ba ta da yawa, jeri guda take bi: wa kake kira, wane ne kai, ina kake, me kake so. Haruffa kuma suna da sunayensu, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, haddace su aikin yini ɗaya ne.

Kiran farko da nake ba kowa shawara shi ne gwajin rediyo. A ce lambar jirginka 5N-ABC, don jiragen Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar da 5U, na Ghana da 9G. Ka jira a yi shiru, ka danna maɓallin magana, ka ce: "Kano Tower, Five November Alfa Bravo Charlie, radio check." Zai ce maka "read you five", wato yana jin ka tas. Ka saki maɓallin. Hannunka zai yi rawa, kowa nasa ya yi. A wurin ƙarin bayani na takardar tafiyarka ka rubuta cewa kai sabo ne. In na ga wannan nakan rage saurin baki, in rarraba umarni gida biyu, kuma yawancinmu haka suke.

Duk izinin da ya shafi titin jirgi, tsayi, fuska, matsin iska da lambar tiransfonda (na'urar da ke nuna jirginka a allon rada), dole ka maimaita shi da bakinka, ka rufe da sunan jirginka. Ba al'adar banza ba ce. A 1977 a tsibirin Tenerife jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma rashin fahimtar juna a rediyo na cikin manyan dalilan. In ba ka ji ba ka ce "say again". In ba za ka iya abin da aka ce ba ka ce "unable". Ba wanda zai ga laifinka. Wanda ke ƙona mana rai shi ne mai cewa ya ji alhali bai ji ba, ya gangara inda ya ga dama.

Za ka tarar da wani abu in ka buɗe taswirar VATSIM Radar da daddare. Turai ta cika maƙil da masu kula, Afirka ta Yamma kuwa yawancin darare babu kowa. In babu mai kula, ana komawa mita 122.800, kowane matuƙi ya riƙa faɗin abin da zai yi, kamar mararrabar da ba fitila ba ɗan sanda, kowa na leƙa ɗan'uwansa yana ba da sigina. In kuwa ka ga mutum ɗaya ya buɗe sararin Najeriya gaba ɗaya, wanda a taswira ake kira yankin Kano, to shi ne hasumiyar duk filayen da ke ƙarƙashinsa muddin ba wani a wurin, shi za ka kira ko da kana fakin. Sa'armu ɗaya, agogonmu bai yi nisa da na Turai ba. Harkar jirage da agogon GMT take aiki, Najeriya da Nijar na gaba da shi da awa ɗaya, Ghana kuwa daidai take da shi. Lokacin da Turawa ke buɗe hasumiyoyinsu ya faɗo ne daga bayan magariba zuwa wajen goma ko sha ɗaya na dare. Ba laifi ba ne ka je wani ƙaramin fili a Ingila ko Ostiriya ka koyi magana a can.

In zagaye ya zauna, sai babban jirgi. Masu X-Plane na da Zibo 737, masu Microsoft ta 2020 na da A320 ta FlyByWire, duka kyauta, kuma 'yan sa-kai ne suka gina su. SimBrief zai tsara maka hanya da man da za ka sha, shi ma kyauta. Taswirorin filaye ana samun na ƙasashe da dama a ChartFox, Navigraph kuwa biya ake yi, don bayanan hanyoyin sama duk kwana 28 ake sabunta su. Fara da Kano zuwa Abuja, DNKN zuwa DNAA, kusan mil 200 na sama, ƙasa da awa ɗaya. Tunda kudu maso yamma ka nufa, tsayinka zai zama lamba mai rabuwa biyu, kamar ƙafa 24,000 ko 26,000, masu nufar gabas su ke ɗaukar mara. Ka kunna yanayi na ainihi. In watan Janairu ne, rahoton yanayin Kano ya nuna HZ ko DU, wato hazo ko ƙura, za ka gangaro ba ka ga titi ba sai da kyar, ka gane dalilin da ke sa a soke jirage lokacin hunturu alhali rana na haskawa.

Abin da aka hana kaɗan ne amma ba a wasa da shi. Lamba 7500 a tiransfonda alamar fashin jirgi ce, sa ta a VATSIM na fitar da mutum nan take. Wasan gobarar inji sai mai kula ya yarda, in ya ce ka bari sai ka bari ko ka sauka daga dandalin. Kada ka bar jirgi a haɗe ka tafi fiye da minti 30. In wani ya dame ka, rubuta .wallop da bayanin abin da ya faru, mai sa ido zai zo.

Malam barka da aiki. Ni tuƙin bai dame ni ba, aikin hasumiyar nake sha'awa. Amma da Faransanci na yi karatu, Turancina bai taka kara ya karya ba. Kuma ban taɓa jin muryar mace a irin bidiyon nan ba. Akwai wuri gare ni?
*Wata malamar makaranta, daga Damagaram*

Malama, wuri kam har ya yi yawa. Matuƙa muna da su, kujerun hasumiya ne babu kowa a kai. Kuma kin huta da rabin wahalar ɗalibin da ke sama, don manhajar rada ba ta neman kwamfuta mai ƙarfi. EuroScope da ake amfani da ita a Turai da Afirka, da Aurora ta IVAO, layuka ne da lambobi a kan baƙin allo, tsohuwar laftof ma tana ɗauka.

Sai dai nan ba a hawa kujera sai an koyar da mutum. A VATSIM za ki fara a matsayin 'yar kallo, ki shiga reshen da ke kula da yankinki, a haɗa ki da mai koyarwa. Matakin farko S1, ba da izinin tafiya da kula da jirage a ƙasa. S2 hasumiya, wato titin tashi da sauka da kewayen fili. S3 rada ta masu gangarowa da masu hawa. C1 sararin ƙasa guda ko babban yanki. Kowane mataki da karatunsa da jarrabawarsa. Kafin a sake ki ga mutane, mai koyarwa zai riƙa turo miki jiragen bogi a wani ɗaki na gwaji, shi ne muryar dukkansu, da gangan zai maimaita umarni ba daidai ba ya ga ko za ki kama.

Mutane na raina matakin ƙasa, ni kuwa a nan nake gane wanda zai yi nisa. Ga yadda yake: jirgi uku sun nemi a tura su baya kusan lokaci ɗaya, biyu suna maƙwabtaka, in kin saki duka za su haɗa bindi. Wani ya sauka yana neman hanyar zuwa wurin fakin, hanyar kuma ita ce wadda na farkon zai bi. Wani sabo ya tsaya a tsakiyar mahaɗa yana neman taswira. Mita ɗaya ce, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Aikin shi ne ki yanke wa za ki fara kira, ki faɗa masa a jimla ɗaya, kina sauraron maimaicinsa idonki na kan na gaba. Wanda ya iya riƙe aji mai yara sittin ya san wani abu a wannan fanni. In kin kai rada, sai lissafin tazara ya shigo: ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, ko mil 5 a gefe, a kusa da manyan filaye akan rage zuwa 3.

Turanci kuwa, na rediyon jirgi ba na adabi ba ne. Jimloli ne ƙayyadaddu da lambobi, ki haddace su, ki furta a sarari, a hankali. Na ji 'yan Italiya da 'yan Indiya da 'yan Brazil kowa da karin harshensa, aiki na tafiya. Faransancinki ma jari ne, don a sararin ƙasashen ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a ƙasashen Afirka da dama har da Nijar, ana aiki da shi tare da Turanci, kuma makarantar da ke horar da ma'aikatan hasumiya na waɗannan ƙasashe, EAMAC, a Yamai take. Amma Turancin ba makawa, wanda ya taso daga Landan zai ratsa ta kanki da shi zai kira.

A wasu rassan Turai mutum kan jira watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin layin horo ya zo kansa, saboda yawan masu nema. Najeriya da Ghana suna ƙarƙashin reshen Afirka kudu da Sahara, VATSSA. Abin da na lura da shi, matuƙa haske suke bi. In suka ga an buɗe fili, suna zuwa. In mutum ɗaya zai riƙa buɗe Yamai, DRRN, ko Kano, a rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako ba fashi, masu ratsawa daga Turai zuwa Legas da Johannesburg za su fara sa shi a lissafi. Daren farko ƙila jirgi ɗaya za ki gani, ko babu. Ki ajiye aikin makin jarrabawa a gefe.

Mata suna nan, ba su da yawa ne. Dokokin dandalin sun hana cin zarafi, duk wanda ya kawo miki raini a mita ki kai ƙararsa ga masu sa ido, suna dakatar da mutane.

Malam, yarona ɗan shekara 16 ya kwana yana wannan abu, ya ce shi ne hanyar zama matuƙin jirgi. Gaskiya ne ko wasa ne ya samu suna?
*Wani mahaifi, daga Tudun Wada, Kaduna*

Alhaji, Allah ya raya shi. Zan faɗa maka yadda za ka faɗa masa. Awannin da ya tara a ɗaki ba hukumar da za ta lissafa masa ko minti ɗaya. Lasisin tuƙi a Najeriya hukumar NCAA ke bayarwa, bayan horo a makarantar da ta amince da ita, irin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da ke nan kusa da ku tun 1964, wadda ke horar da matuƙa da ma'aikatan hasumiya da injiniyoyi. Akwai gwajin lafiya mai tsanani, ido da kunne da zuciya. Akwai kuɗi masu nauyi. Kuma kafin duk wannan akwai sakamakon sakandare, lissafi da fiziks da Turanci. In kwamfutar ta cinye waɗannan ukun, ta rufe ƙofar da yake cewa tana buɗe masa.

Amma ba zan kira shi wasan banza ba. Yaron da ya yi wannan da gaske zai shiga aji ya riga ya san karanta taswirar sauka, ya san rahoton yanayi, kuma rediyo, wadda ke ɗaure wa ɗalibai da yawa harshe, ba za ta tsorata shi ba. Akwai kuma abin da take ɓatawa. Malaman tuƙi kan koka cewa 'yan kwamfuta idonsu na manne da agoguna maimakon su duba waje, kuma kujerar ɗaki ba ta koya wa jiki yadda jirgi ke nutsewa ko karkata. Waɗannan sai an sake gyara su.

Kwanan da yake yi, ina zargin dogon zango yake ɗauka. Kano zuwa Jidda ya haura awa huɗu, kuma tsakiyar tafiyar zama ne kawai, jirgi na tuƙa kansa. Abin koyo yana cikin minti ashirin na farko da ashirin na ƙarshe. Ka ce masa Kaduna zuwa Abuja ko Kano ya ishe shi a daren makaranta, Jidda ta jira hutu. In kana son ka san ko koyo yake, ja kujera ka zauna kusa da shi dare ɗaya, ka ce ya kashe na'urar tuƙi da kai ya sauke jirgin da hannu, ya kuma fassara maka abin da mai hasumiya ya ce. A fuskarsa za ka ga amsa.

Waya kawai nake da ita. Kuma in an ɗauke wuta ina sama fa?
*Mai karatu, daga Zongo, Kumasi*

Ɗan'uwa, VATSIM da IVAO kwamfuta suke so, ko Xbox ba ta shiga. A waya akwai Infinite Flight, wadda ke da nata dandalin da mutane ke ba da hannu, sai dai biyan kuɗin wata ake yi, kuma umarnin zaɓa ake daga jeri ana dannawa, ba magana da baki ba. Za ka koyi tsarin, ba za ka koyi rediyo ba. Kafin kwamfuta ta samu, buɗe taswirar VATSIM a wayar ka riƙa bin jirage, ka haddace haruffan.

Ɗauke wuta kuwa ba laifi ba ne, jirginka ɓacewa kawai zai yi daga allona, in ci gaba da sauran. In laftof ce, ka sani tana rage ƙarfi da zarar ta koma kan batir, hoto ya fara tsinkewa, don haka ka rage ingancin hoton tun kafin ka tashi. Murya da bayanin wurin jirgi ba sa cin data sosai, hotspot na waya ya isa. In wutar ta dawo kana son komawa, duba taswira tukuna, kada ka faɗo tsakiyar jerin masu sauka. Ka haɗa daga nesa kaɗan, ka kira mai kula, ka gaya masa inda kake da tsayinka.